Hakin mai ciki a lokacin annoba: nauyin ciki ne ko huhu?

Wata 'yar'uwa daga ƙasar Katagum ta aiko da wannan tambaya: "Likita, ƙanwata ta rasu a 2020, lokacin korona, da cikin wata takwas. Mura ce ta fara kama ta da zazzaɓi, aka yi mata allurar maleriya a kemis. Kwana biyar tana haki ana cewa nauyin ciki ne. Da aka kai ta asibiti aka sa mata oksijin, aka yi mata aiki aka ciro yaron da rai, bayan kwana biyu ta cika. Ba a yi mata gwajin korona ba. Har yau a gidanmu akwai masu cewa oksijin ɗin da aikin ne suka kashe ta. Yanzu ni ma ina da cikin wata biyar, ga hunturu na tafe, ko atishawa na yi sai gabana ya faɗi. Da gaske mura tana kashe mai ciki?"

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan ƙanwarki, Ya kai haske kabarinta, Ya raya yaron da ta bari. Ke kuma Allah Ya raba lafiya. Ya zo a hadisi cewa macen da ta rasu da ciki tana cikin shahidai, haka ma wanda annoba ta ɗauke, muna yi mata fatan wannan matsayi. Ni likitar mata ce a Bauchi, a ɗakin haihuwa na yi waɗancan watanni, saboda haka labarin nan naki na san irinsa.

Eh, tana kashewa, amma ba kowace mura ba. Murar da kowa ya saba da ita, ta yoyon hanci da atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro, iyakarta hanci da maƙogwaro, cikin mako guda ta wuce ko da ciki ko babu. Atishawa kada ta hana ki barci. Wadda muke tsoro ita ce wadda ƙwayar cutarta ke gangarawa can cikin huhu, irin infuluwenza da korona. Abin da ke rikita mutane shi ne a kwana biyun farko kamarsu ɗaya, kuma a bakinmu sunansu ɗaya, mura. Sai an kwana uku, ko biyar, wani lokaci ma mako guda, sannan hanya ta rabu. A lokacin annoba kuwa ƙwayar cutar sabuwa ce, jikin kowa bai taɓa haɗuwa da ita ba, shi ya sa take kama jama'a da yawa a lokaci guda, ta kuma fi yi wa wasu mugun kamu.

Mai ciki lafiyayya ce, sai dai jikinta yana aiki ne kusa da iyakar ƙarfinsa. Oksijin da take bukata yana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin 100, tunda mutum biyu take shaƙa wa iska. Jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50, zuciya ta ƙara sauri don ta zagaya da shi. A daidai wannan lokaci mahaifa tana tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da kimanin santimita 4, sai iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ragowar iska ita ce rumbun jiki, ita ke riƙe mutum idan numfashi ya sami tangarɗa. Ga masu ci sun ƙaru a gida, rumbu kuma ya ragu. Ciwon huhun da marar ciki za ta yi kwanaki tana fama da shi a tsaye, mai cikin wata takwas cikin sa'o'i yake kayar da ita. Garkuwar jikinta ma ta sauya salo don kada ta yaƙi ɗan da ke cikinta, jininta kuma ya fi saurin daskarewa, wanda rahama ce don kada ya ƙare wajen haihuwa, amma korona ma tana daskarar da jini, idan suka haɗu gudan jini na iya toshe jijiyar huhu.

A nan wajenmu akwai ƙarin kaya. Jini ne ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa jiki da jariri, mata da yawa kuma da ƙarancin jini suke shiga watannin ƙarshe, saboda maleriya da abinci da haihuwa kusa da kusa. Ga mai sikila, ga mai asma, ga mai tarin fuka da ba a gano ba, ga hayaƙin itace safe da yamma, ga ƙurar hunturu.

Yanzu maganar "nauyin ciki ne". A kan wannan nake so ki tsaya, domin ita ce ta cinye wa ƙanwarki kwana biyar. Waɗanda suka faɗa ba da mugunta suka faɗa ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: yawancin masu ciki suna jin haki. Akwai sinadarin da jiki ke yawaita lokacin ciki, shi ke sa mace ta riƙa jan numfashi mai zurfi, ta ji kamar iska ba ta isar ta. Amma ki riƙe wannan: ciki yana ƙara wa numfashi zurfi, ba ya ƙara masa sauri. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, mai ciki ma haka take, ko a watan haihuwarta. Idan ya wuce haka tana hutawa, wani abu ne daban, kada a jingina wa ciki.

Ƙirgawar ba ta bukatar na'ura. A bar ta ta zauna minti biyar, wani ya sa ido a ƙirjinta ko a kafaɗarta ba tare da ya gaya mata ba, ya duba agogon waya, ya ƙirga na minti ɗaya cikakke. Idan ya haura 24 ga zazzaɓi ko tari, a yau za a je asibiti. Idan ya kai 30, yanzu za a tafi, ko ƙarfe biyun dare ne. Wani gwajin da nake koya wa mata a wajen awo: ta karanta Fatiha a bayyane. Idan sai ta yanke aya a tsakiya don ta ja numfashi, ta wuce zaman gida. Hakin ciki a hankali yake zuwa, cikin makonni, yana tasowa idan ta yi tafiya ko ta yi daka, ta zauna ya lafa, ba ya tare da zazzaɓi. Na huhu cikin kwanaki yake zuwa, yana samun ta a zaune, ya hana ta kwanciya, sau da yawa da ciwon haƙarƙari ko majina mai jini-jini. Idan ta fara yawan barci ko magana ba kan gado, ko motsin yaro ya ragu, to oksijin ya riga ya yi ƙasa sosai.

Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini, ana samun ta a manyan shagunan magani. Ga mai ciki muna son 95 zuwa sama, idan ta sauka ƙasa da 94 a tafi asibiti. Lambar da za mu yi haƙuri da ita ga wani ba ma haƙuri da ita ga mai ciki, domin jariri daga abin da uwa ta samu yake samu. Sai dai a san halinta: a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya kaɗan, baƙin lalle da jan farce kuma suna rikita ta. Kada kuma a jira leɓe ya yi shuɗi. A fatarmu da wuya a gani, ga mai ƙarancin jini ma yana iya ƙin bayyana sam. Korona tana da wata ɗabi'a da ta ba mu tsoro a lokacin. Na tuna wata mai ciki da ta shigo da ƙafarta tana amsa waya, ta ce gajiya kawai take ji. Lambar oksijin da na gani ta yi ƙasa har ta sa na sauya yatsa, na sauya na'ura, ba ta canja ba. Da ta bi yadda take ji a jikinta, da gida ta koma.

Duk annobar numfashi da aka rubuta tarihinta, masu ciki sun sha wuya fiye da kasonsu. A annobar infuluwenza ta 1918, wadda ta shigo har ƙasar nan, an tattara bayanan masu ciki 1,350 a Amurka, kashi 27 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda ciwon ya sauka huhunsu kuwa kusan rabi. A 2009, lokacin murar aladu, masu ciki kusan kashi 1 ne cikin 100 na mutanen Amurka, amma su ne kashi 5 na waɗanda suka mutu. A Birtaniya da Ailan, tsakanin 2009 da 2012, infuluwenza ta kashe mata 36 masu ciki ko jego, wato ɗaya cikin kowace mace-macen haihuwa 11. Na korona kuwa ya fi kusa da mu. Jami'ar Oksfod ta jagoranci wani bincike a asibitoci 43 na ƙasashe 18 daga Maris zuwa Oktoban 2020, da hannun likitoci daga Kano da Bauchi da Gombe a ciki. Cikin masu ciki 706 da suka kamu, 11 suka rasu. Cikin 1,424 da ba su kamu ba, ɗaya ce. Hawan jinin ciki da haihuwar bakwaini ma sun fi yawa ga waɗanda suka kamu. Ki lura kuma, mafi yawansu sun warke sun haihu lafiya, musamman waɗanda ba su kai ga zazzaɓi da haki ba.

Lambar da ta fi damuna daga 2009 take. Masu cikin da aka ba maganin infuluwenza, oseltamivir, cikin kwana biyun farko, kimanin kashi 9 cikin 100 ne suka kai ga ɗakin masu tsananin ciwo. Waɗanda aka ba bayan kwana huɗu, fiye da rabinsu. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, ranar farawa ce ta bambanta.

Sai batun oksijin. Ki gaya wa mutanen gidanku, da bakin likita, oksijin bai kashe ta ba. Iskar da muke shaƙa yanzu haka kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, abin da ke cikin tukunyar asibiti shi ne dai aka tace aka ƙara masa ƙarfi, don huhun da ya cushe ya samu ya tura ko kaɗan cikin jini. Na san inda zargin ya samo asali. Mun saba kai marar lafiya asibiti sai ya galabaita, abu na ƙarshe da ido ya gani shi ne robar da aka sa masa a hanci, sai laifi ya hau kanta. Wannan fahimta tana kisa. Na sha juya baya in dawo in tarar dangi sun zare wa mace robar, wai tana takura mata, ko wai an ce duk wanda aka sa wa ba ya tashi. Ga mai ciki, mintunan da aka zare ɗin nan har jariri suke taɓawa.

Aikin ma haka. Ba kowace mai ciwon huhu muke ciro wa yaro ba. Ƙa'ida ita ce a fara daidaita uwa, domin idan ta sami iska ɗanta ya samu. Amma idan ciki ya tsufa, ana ba da oksijin uwa tana ƙara yin ƙasa, ko bugun zuciyar yaro ya nuna yana wahala, ciro shi yana ceton sa, yana kuma sauke wa huhun uwa nauyi. Abin da kika kwatanta, cikin wata takwas da kwana biyar na haki, irin wannan hali ne. Huhun da ya riga ya kumbura ya cika da ruwa ba ya washewa don an haihu, yana bukatar kwanaki, wani lokaci da na'urar taimaka wa numfashi, wani lokaci kuma kwanakin ba sa samuwa. Yaron da ke yawo a tsakar gidanku yau, ta wannan aikin Allah Ya kuɓutar da shi.

Ba na so kuma ki juya laifin kan wanda ya ce nauyin ciki ne. Ki tuna yadda lokacin yake. Korona ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, a Maris gwamnan Bauchi kansa ya kamu, a Mayu aka rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki. Mutane suna tsoron a killace su, wasu ba su yarda akwai cutar ba, abin hawa ya yi wuya, kayan gwaji ba su wadata ba. Mata da yawa sun tafi kamar ƙanwarki ba tare da an rubuta sunan abin da ya ɗauke su ba, sun shige cikin mata kimanin 82,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun rasu a Najeriya a wannan shekara ta dalilin ciki da haihuwa. Mu ma ma'aikatan lafiya muna da namu kason. Tsoro ya sa an yi wa masu tari kallon nesa. An kuma daɗe da wata ɗabi'a ta jan ƙafa wajen yi wa mai ciki hoton ƙirji ko ba ta magani mai ƙarfi, wai don kare jariri, alhali hoton ƙirji ɗaya ba ya cutar da shi, rashin iskar uwarsa ne ke cutar da shi. Sai a Yunin 2020 ma aka tabbatar cewa maganin dexamethasone yana rage mutuwar masu korona da ke kan oksijin. Yau an san mai ciki za ta iya karɓar irin wannan magani, da allurar hana daskarewar jini ta heparin wadda ba ta ratsawa zuwa ga jariri, da maganin ƙwayoyin bakteriya idan nimoniya, wato ciwon huhu, ta hau kan murar. Idan wani ya ce miki ba za a yi miki abu kaza ba saboda ciki, ki nemi a kira likitan mata.

Allurar kemis kuwa, ba na raina masu kemis, su ne na kusa da jama'a. Amma zazzaɓin mai ciki ya wuce a yi masa allura da ka. A yi gwaji, kuma ko gwaji ya nuna maleriya, maleriya ba ta hana ciwon huhu zama tare da ita. Idan an kwana biyu ana magani zazzaɓi bai sauka ba, a wuce gaba. A jiharmu akwai ƙarin dalili, Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi yawa, a rani yake tashi, kuma yana da muni ƙwarai a watannin ƙarshe na ciki. Abin da na fi roƙo a bari shi ne ƙarin ruwa a gida. Muna son ƙarin ruwa, muna ganin shi ne magani mai ƙarfi, amma huhun mai ciki yana saurin tara ruwa, balle idan akwai hawan jini, leda biyu ko uku da aka ɗura ba lissafi suna iya ƙarasa toshe shi. Don zazzaɓi ki sha farasitamol, kada ki bar jiki ya yi ta ƙuna. Ki guji ibuprofen da diclofenac, musamman daga wata na shida zuwa sama. Ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami babu laifi. Sirace a lulluɓe cikin bargo ga macen da iska ba ta isar ta, wannan kam a'a.

Riga-kafi yana aiki, duk da na san tarihin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari, tun daga gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996. Masu ciki ma an bar su a baya a gwaje-gwajen farko na allurar korona, wannan ya jawo ruɗani ko a tsakanin likitoci. Daga baya bayanai suka taru. A Sukotland, kashi 98 cikin 100 na masu cikin da korona ta kai ɗakin masu tsananin ciwo ba su yi allurar ba. Ta infuluwenza kuwa, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a sahun farko, kuma gwajin da aka yi a Mali da Afirka ta Kudu ya nuna tana kare jariri ma a watanninsa na farko. Ba ta cikin alluran da ake yi a awo a nan kamar ta tetanus, amma ki tambayi likitanki ko ana samu. Idan wata annobar ta zo aka kawo allurar da aka amince wa masu ciki, shawarata ki karɓa.

Haɗarin ba ya ƙarewa ranar haihuwa. Mako biyun farko na jego har yanzu jiki na ciki ne wajen infuluwenza, saurin daskarewar jini kuwa yana kaiwa har a yi arba'in. A arewacin ƙasar nan kuma muna da yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ke zuwa da haki da tari da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an jingina. Maijego mai haki kada a ce wahalar haihuwa ce, kada a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa a jira ta warware. Idan kuma mura ta kama ki kina shayarwa, ki ci gaba da ba da nono, ki wanke hannu, ki rufe baki da hanci lokacin da kike riƙe da shi.

A awonki na gaba ki nemi a auna yawan jininki da hawan jini, ki sa a ƙirga numfashinki a maƙala miki na'urar yatsa yanzu da kike lafiya, a rubuta a katinki, don a san ma'auninki na asali. Ki riƙa shan maganin ƙarin jini da na riga-kafin maleriya da ake bayarwa, ki kwana cikin gidan sauro. Mai tari da zazzaɓi a gida a raba muku ɗaki, zuwa dubiya da zaman biki a ɗaki cunkushe ki rage su a hunturun nan. Ki zauna da maigida da surukarki tun yanzu, ki karanta musu wannan, ya ba ki izini tun kafin bukata ta taso cewa ko ba ya gari za ki tafi, a ajiye kuɗin mota a gefe, a riƙe lambar direban da zai ɗaga waya da dare. A mota ki jingina ki karkata ɓangaren hagu, kada a shimfiɗe ki rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Idan kun isa, kada ki bi layi ki yi shiru. Ki ce wa ma'aikaciyar farko da kika gani: ina da ciki wata kaza, zazzaɓi kwana kaza, an ƙirga numfashina a gida sau kaza a minti, a auna min oksijin.